Harsashin da Baba Ya Zaɓa

Bayan rasuwar Mama na ɗauko Baba daga Damagaram na kawo shi wurina a Greensboro, ina ganin na yi dabara. Ashe na cire mutum ne daga inda aka san shi maharbi, na ajiye shi a bakin taga yana kallon motoci. Tuwo sai ya yi loma biyu ya ture kwano. Likita ya ce babu wata cuta, amma ni da nake wanke masa riguna na ga yadda suke yi masa yawa. Tsoro ya kama ni sosai, domin na ga alamar zai bi Mama.

A lokacin ina aikin jinya a gidan wasu tsofaffin Turawa a Pleasant Garden. Matar ce ba ta da lafiya. Mijin dogo ne marar yawan magana, ya cika bangon falonsa da ƙahonni, kuma kullum yana mitar bareyi sun cinye masa lambu. Da na ba Baba labari, sai ya juyo daga tagar ya tambaye ni da wace irin bindiga mutumin yake harbi. Ban sani ba, don haka na kai shi ya tambaya da kansa, na zama tafinta.

Tsohon ya ce in Baba yana son farauta, filinsa na nan. Muka yi wa Baba takardar izinin farauta, muka koma don a zaɓi bindigar da zai ara. Mai gidan ya jera harsasai uku a kan teburin kicin. Na farko siriri, na biyu matsakaici wanda ya kira .308, na uku kuwa dogo mai kauri. Ya ce wannan na ƙarshen na elk ne, wata dabba da yake zuwa duwatsun yamma ya harbo, ya nuna ƙahonta a bango. Baba ya duba ya ce ai gwanki ne da ya sa rassan itace a ka.

Sai Baba ya miƙa hannu ya ɗauki babban.

Mai gidan ya girgiza kai. Ya ce bindigar wannan harsashin shuri gare ta kamar jaki, kuma barewar nan ba ta kai a ɓata mata shi ba. Na fassara, na ƙara da nawa gishirin, na tuna wa Baba kafaɗar da nake shafa wa magani kullum.

"Uwata, faɗa masa wannan kartush ɗin nake so," in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Baba, girman kai ne kawai. Ba gasa ake yi ba, wallahi sai mun ƙare a emergency na asibiti."

Sai ya ce in tambayi mutumin yaushe suke harbi, kuma me suke yi idan dabba ta gudu da harsashi a jikinta. Tsohon ya ce shi da yamma yake zama, dab da faɗuwar rana, domin lokacin bareyin suke fitowa lambu. Idan ta gudu kuwa, ba a matsa mata, a bar ta ta kwanta, da safe a bi jini a ɗauko.

"To kin ji," Baba ya ce. "Mu abin da aka koya mana, in ka yi bisimilla ka harba, ka same ta da rai ka yanka, ka same ta ta mutu ka ci. Amma in ta ɓace maka har ta kwana a daji, ta tashi daga nama, ta zama mushe. Ba zan kashe rai a banza ba. Ina son wanda zai ajiye ta a inda take tsaye."

Na fassara a hankali, don kada in rage komai. Mai gidan ya daɗe yana juya harsashin a hannu. Ya ce babban harsashi ba shi ke kayar da dabba ba, inda aka sa shi ne, kuma mutumin da ke tsoron shuri yakan runtse ido kafin ya ja kunamar bindiga. Duk da haka ya kai Baba filin da ke bayan gidan don ya gwada babbar bindigar da matsakaiciyar a jikin allo. Babbar ta yi ƙara, hular Baba ta faɗi ƙasa, harsashin kuma bai ko shafi allon ba. Matsakaiciyar ta huda tsakiya. Baba ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya ce zai karɓi ta biyun don kada mai gida ya ji babu daɗi.

Sai mai gidan ya faɗi abin da har gobe nake gode masa a kai. Ya ce tun yana saurayi da yamma yake farauta a filin nan, amma da Baba da safe za su fita. In ma ta gudu, suna da yini guda a gabansu.

Ranar da suka fita ina cikin gida ina ba matar shayi na ji ƙara ɗaya. Barewar ta gudu, kamar yadda Baba ya ji tsoro, ta faɗa cikin kurmi. Tsofaffin nan biyu, babu mai jin yaren wani, suka bi ɗigon jini a kan busassun ganye har suka same ta kafin hantsi ya yi zafi, da sauran numfashi. Mai gidan ya gaya mini Baba ya juya ta gabas ya yanka, shi kuma ya cire hularsa ya tsaya.

Baba ya feɗe ta da kansa, ya ware cinya ɗaya ya ɗora a hannun mai gidan, ya ce in gaya masa wannan rabon mai daji ne, ba a mayarwa. Sauran muka kawo gida, na yi farfesu da tuwon shinkafa. Bayan magariba ina tattara kwanuka na ji ya kira ni daga falo.

"Uwata, akwai sauran tuwo?"

Na ce akwai. Na tsaya a kicin na share hawayena tukuna, sannan na kai masa.