Ishaku Mai Keke da Ralin da Ba Nasa Ba

Daga shekarar da wuta ta cinye babbar kasuwar Jos zuwa bana, shekara ashirin da uku ke nan, kuma duk tsawonsu rumfata tana jingine da ta Malam Ishaku Mai Keke a Katako, fallen kwano ɗaya ne tsakaninmu. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa. Ya rasu a gidansa na Anguwan Rogo yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar ƙirji ta wata biyar, aka kai shi makwancinsa kafin magariba. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinsa kowa ya nufa. Ya bar mai ɗakinsa Rabi da 'ya'ya shida, babbansu Sharafaddeen, da jikoki masu yawa.

Ni ne Tanimu mai faci. Ban yi boko ba, 'yata Amatullahi ce riƙe da biro, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana.

Ishaku, mutane sun san ka da gyara, amma ni na san gyara abin cin abinci ne kawai a wurinka. Abin da ranka ke so shi ne farautar tsohon keke. Tun da kamfanonin kuza suka tattara suka bar mutane da ramuka, kusan kowane tsohon lebura da ya taɓa ɗan samu ya bar keke Rali a gida, wani a kan rufi, wani a ɗakin awaki. Ranar Lahadi sai mu rufe rumfa mu bi ƙauyukan, Bisichi, Dorowa, Barikin Ladi, wani lokaci har Gana. Ka hana ni kallon keke idan mun shiga gida, ka ce da zarar mai kaya ya ga idona kuɗi ya ƙaru. Sai mu sha ruwa, mu tambayi damina, mu tambayi yara. Sai za mu tashi ka zaro sifana mai lamba goma daga aljihu, ka ƙwanƙwasa jikin ƙarfen sau uku, ka kara kunne. In ya yi amo mai tsawo, lafiyarsa lau ko da tsatsa ta rufe shi ruf. In amon ya mutu nan take, to an taɓa yi masa walda an shafe da fenti, ko ruwa ya ci shi ta ciki. Shekara da shekaru ina tsaye kusa da kai, ban taɓa jin bambancin ba, kai kuwa ba ka taɓa kuskure ba.

Na tuna wata tsohuwa a Foron, Mama Loyis, matar marigayi Badung wanda ya yi aikin kuza tun yana saurayi. Kekensa na jingine bayan rumbu, kabewa ta naɗe shi har sirdi. Ta ce mu ba ta kuɗin kaza mu ɗauke mata shi daga hanya. Na taka maka ƙafa don ka yi shiru. Ka ƙwanƙwasa, ka saurara, sannan ka ce, "Mama, wannan ba kuɗin kaza ba ne, kuɗin akuya biyu ne." Haka ka biya. Ban yi maka magana ba har muka iso Bukuru. A nan ne ka ce mini arahar da kake nema ita ce wadda mai kaya ya san abin da ya sayar, ya kuma yarda. Daga baya mutanen Foron ba su sayar wa kowa keke sai kai, wannan gaskiya ne. Amma har yau ina nan a kan bakana, akuya ɗaya ta isa.

Ɗaliban jami'a da ke zaune wajen Farin Gada ma sun san ƙofarka. Kakan zaɓa musu Beljiyam mai sauƙin kuɗi, ka ce fentinsa ba kyau amma zai kai su aji, in sun gama karatu su dawo maka da shi ka saya ka ba na baya. 'Yan gwangwan kuwa sun gaji da kai. Duk keken da ke da sauran amo ba ka yarda a ɗora shi kan sikeli.

Akwai abu ɗaya da ya sa na ce a rubuta wannan, ban tsaya ga gaisuwar baki ba.

Ishaku bai taɓa ajiye littafi ba. Yadda yake rataye keke a rumfarsa shi ne littafinsa. Nasa na kansa yakan rataye ta ƙafar baya, kai a ƙasa. Na mutane kuwa, wanda aka kawo gyara ko ajiya, ta ƙafar gaba, kai a sama. Ya ce ba a sunkuyar wa kayan mutane kai. Babu wanda ya san wannan sai ni, don babu wanda ya taɓa tambaya.

Kwana ɗaya kafin gobarar kasuwa, lokacin rumfunanmu suna can, wani mai gyaran agogo, Ifechukwu, ya kawo baƙin Rali a canza masa boris. Iyayensa mutanen Gabas ne amma a Jos aka haife shi, keken ma na ubansa ne. Ka gama aikin, ka hau shi zuwa gida da yamma don ka ji ko akwai sauran ƙara. Washegari babu kasuwa. Kekunanka sha tara suka narke, kayan aikinka suka tafi, abin da ya rage a hannunka a duniya keken wani ne. Ifechukwu shi ma bai fita da ko allura ba, cikin satin ya kwashi iyalinsa ya tafi Gabas, bai yi sallama da kowa ba.

Ni ne mutum na farko da ya ce ka sayar ka yi jari, in ya dawo ka ba shi wani. A rubuta wannan, ni na faɗa. Ka dube ni ka ce in ya dawo keken ubansa zai tambaya, ba wani ba. Ka fara daga aron sifana. Da muka samu wuri a Katako, ƙugiya ta farko da ka kafa ta keken nan ce.

Ka nemi mutumin, ban ce ba ka nema ba. Ƙaninsa Nonso yana sayar da kayan gyara a Dilimi, ka yi ta zuwa. Bayan wasu shekaru ya ce maka Ifechukwu ya rasu, ka riƙe keken ya ba ka. Ka ce ba shi da ikon bayarwa tunda mamacin yana da 'ya'ya. Ya ce 'ya'yan sun watse, wata a Aba, wani a Fatakwal, wa zai bi su saboda tsohon ƙarfe. Kuka yi musayar magana, ba ka sake taka shagonsa ba. Kowace shekara bayan layya kakan sauke keken, ka shafa mai, ka ba shi iska, ka zaga da shi zuwa masallaci ka dawo, ka mayar. Taya biyu suka ruɓe a rataye, ka canza.

Washegarin sadakar bakwai na makara, na tsaya asibiti saboda gwiwata. Da na iso na tarar 'ya'yanka sun share rumfa fes. Da kyakkyawar niyya suka yi, ban zarge su ba. Sun sauke kekuna talatin da ɗaya sun jera su a waje don liman ya gani ya yi rabon gado. Ga kuma wani mutum daga Abuja da ke ƙawata gidan abincinsa da tsofaffin kaya, ya zo da mota, baƙaƙen Rali uku da ke cikin jerin yake so, ya kuma faɗi kuɗin da ban taɓa jin an taya keke da shi ba. Biyu naka ne da ka ƙi rabuwa da su. Ɗaya na Ifechukwu ne. A ƙasa kuwa duka ukun kamarsu ɗaya.

Na jawo benci na zauna a gabansu, na ce babu wanda zai motsa. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada a raba kayan wani cikin gadonka, marayu su ci, kai kuma a tambaye ka a inda ba za ka iya tasowa ka yi bayani ba.

Sharafaddeen ya durƙusa ya ce, "Baba Tanimu, Baba bai taɓa gaya mana ba."

Na ce, "Kun taɓa tambayarsa? Kai tun da ka samu napep ɗinka ka shigo rumfar nan sau nawa?"

Na ba su labarin tun daga farko. Liman ya ce ya ji, amma ba zai cire abu daga gado da maganar mutum ɗaya ba sai da alama. Wanne ne a cikin ukun? Na nuna na tsakiya, mai ƙararrawa, na rantse da Allah shi ne.

Sharafa ya ce, a hankali dai, "Baba, ranar uku sau biyu ka yi mini gaisuwa, kana tsammani mutum biyu ne."

Aka yi dariya, har liman ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, na ɗaga kai don kada in faɗi abin da zan yi nadama, sai idona ya sauka kan ƙugiyoyin, suna nan a rataye ba kowa a kansu. Kowace an naɗe ta da tsohuwar robar tayar ciki don kada ta karce ƙarfe. Ni nake yanka maka robar nan. Kuma duk mai faci ya san abin da tsohuwar roba ke yi wa ƙarfe idan sun daɗe tare, takan bar baƙin tabo da tsumma ba ya fitarwa. Na gaya musu yadda kake rataya, na ce a duba cikin rim, ƙarfen da taya ke zama a kai, gaba da baya.

Aka kifa na farko, tabo a baya. Aka kifa na tsakiya, wanda na rantse a kansa, tabo a baya. Na ƙarshe, wanda ba ƙararrawa, sirdinsa ya ɗan tsage, rim ɗinsa na baya fari tas, na gaba kuwa tabo ya zagaye shi, nan ɗaya can ɗaya, kowace shekara da inda ƙugiya ta kama.

Na yi kuskure gaban mutane, kuma da an bi rantsuwata da keken Ifechukwu yana bangon gidan abinci a Abuja. Liman ya ce babu kaffara a kaina tunda na rantse ne a kan abin da na ɗauka gaskiya ne. Na gode masa. Azumi uku dai zan yi.

Ishaku, ka ji abin da ɗanka ya yi. Da hannunsa ya janye keken gefe, ya ce wa baƙon biyu ne na sayarwa. Mutumin ya ce uku ya zo nema ko babu, ya ƙara kuɗi, ya sake ƙarawa. Sharafa ya ce, "Oga, Allah ya kai ka lafiya." Mota ta tafi ba komai a ciki. Na san halin da gidan nan yake ciki bayan jinyar wata biyar, shi ya sa na ce a rubuta sunansa a nan.

Saura wanda za a ba. Jiya na tafi Dilimi wurin Nonso. Ya tsufa shi ma, bai ma ji rasuwarka ba. Da na gaya masa ya cire hularsa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya riƙe baki.

"Wannan keke yana nan har yanzu? Kai, Oga Ishaku, taurin kai na shi ya yi yawa. Yarinyan Ifechukwu fa, Obianuju, yana zuwa Farin Gada duk sati biyu, yana loda kabeji da karas zuwa Aba. Shekara uku ke nan."

Shekara uku, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙasa ba daga rumfarka. Na tambaye shi me ya hana shi aiko maka, ya ce ya ɗauka ka sayar tuntuni, kuma kai ne ka daina gaishe shi. Ban ba shi gaskiya ba, kai ma ban ba ka ba. Ya kira ta a waya a gabana. Ta iso Jos, gobe motarsu za ta tashi da hantsi. Ta ce tana tuna keken, a kan kariyarsa ta baya ubanta ke kai ta makaranta, daga nan ta kashe wayar.

Allah ya jiƙanka, Ishaku, ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya sauƙaƙa maka tambaya. Ya sa jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi, ya sa amanar da ka riƙe ta tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Rabi, Allah ya ba ta haƙuri ya sa ta fita takaba lafiya, da Sharafaddeen da ƙannensa maza da mata, da jikoki, da 'yan'uwa na Anguwan Rogo da na Bisichi, da masu gyaran keke na Katako baki ɗaya. Mu da muka saura, Allah ya sa mu cika da imani.

Gobe in Allah ya kai mu, in na idar da asuba, zan buɗe rumfarka in ba keken iska. Sharafa ya ce a ɗaura shi a napep, na ce a'a, igiya za ta ci masa fenti. Gwiwata ba ta hawa, amma tana turawa. Zan tura shi daga Katako har Farin Gada kafin a gama lodi, Sharafa da Nonso su same ni can su zama shaidu. In ta karɓa, an sauke maka. In kuma ta ce ta bar wa 'ya'yanka, sai ta kira 'yan'uwanta a waya su yarda, ta faɗa da bakinta ina ji, sannan in turo shi in dawo.