Ranar da Kaka ta Kulle Rigar Sallah

Ranar Asabar ce, saura mako guda Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare a Jandutsi. Na dawo daga zuba wa awaki harawa, na tarar da Baba zaune a zaure, riga a kan gwiwarsa, allura a hannu, amma ba ya ɗinki. Sana'arsa ke nan, aikin hannu a wuyan babbar riga. Wannan ta shadda ce, ta wani dillalin albasa na Aliero da zai hau Idi da ita. Baba ya daɗe yana zama daga asuba har rana ta faɗi, idanunsa sun yi ja, wuyansa ya sage. Da safen nan ya zana aska, wato adon ƙirjin riga, ya yi ta ɗinkinta har hantsi, sannan ya lura a dama ya ɗora ta. Ko yaro ya san a hagu take zama, wajen aljihu.

Ya ɗauko reza zai warware. Kaka, mahaifiyarsa, ta fito za ta unguwa, ta dubi rigar, ta dubi yatsunsa. Ta ce, "Aje rezar ga. Ka gaji. In ka yanke shaddar mutane, mi za ka ce musu?" Baba ya ce, "Inna, Sallah ta matso." Ta ce, "Ni ma a garin nike, na sani."

Yadda ta tsara yinin ban manta ba. Da farko ta naɗe rigar, ta sa a adakarta, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zane. Sannan ta sa aka dama masa fura, ta tsaya har ya shanye. Daga nan ta tura shi tare da mu yara gona a bakin fadama, da sharaɗin kada ya taɓa fartanya. Baba ya kwanta a gindin mangwaro, ya rufe fuska da hula. Mu yara muka yi langa har muka gaji, muka kama fara, muka tsinko kara muna ƙera motoci, duk a hankali don kada mu tashe shi. Na ga yatsunsa suna motsi cikin barci kamar yana jan zare. Can suka daina. Sai la'asar ya farka, ya yi alwala a bakin ruwa, muka koma gida.

Washegari bai nemi reza ba. Da tsinin allura ya riƙa zaro zaren, ɗaya bayan ɗaya, har azahar, shaddar ba ta yage ko'ina ba. Ran jajibiri rigar ta isa Aliero.

Yau ni ke wannan aiki a Jega, da keken lantarki. Aikin da kan cinye wa Baba makonni nakan gama shi a yini biyu, amma ban samu sarari ba, don waya ba ta daina ƙara, masu riga daga Maiyama har ƙofar gida suke biyo ni. Bayana yana ciwo, na fara sa tabarau. Nakan yi niyyar rufe shago yini guda, kafin hantsi sai in ga na buɗe. Kaka ta rasu, Baba ya bi ta. Na gaji ƙwarai, kuma babu wanda ya girme ni a gidan nan.