Wai da ƙafa nake dama zoɓo

Jama'a ku matso ku ji ƙazantar da aka laƙa min yau! Maƙwabciyata Ya Hajja, mai sayar min da zoɓo a bakin makaranta, ta dawo da kula cike. Ta ce, "Maman Falmata, wai da ƙafa kike damawa?"

Tir! Ashe malami ne ya ce yara su rubuto ƙarya mafi girma. 'Yata Falmata ta rubuta wai tukunyata ta kai kogi, ciki nake iyo ina damawa. Ya karanta wa aji, har da tafi!

Na tsare ta, ta ce, "Mama, ai ni na zo ta ɗaya."

Don Allah, yanzu wa zai ƙara shan zoɓona?