Yajin da Ban Rubuta Ba

Ko da zan manta da komai na shekarun da muka yi a gidan haya a Gwadangaji, ba zan taɓa manta makonnin da na hana tukunyata ganin dunƙule ba. Yarinyar da aka yi abin dominta yanzu ta fi ni tsawo, har ita ke ɗora mana girki ranar Asabar, amma duk sanda na tuna sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya abin ya faru.

Ita ce 'yata ta biyu, lokacin tana da shekara shida. Borin jini ne ya sa ta gaba. Tana cikin wasanta lafiya lau sai jiki ya tashi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, ta yi ta susa har sai ta ji wa kanta ciwo, wani lokacin kuma ciki ya murɗa mata. Babu shawarar da ba a ba ni ba. Na shafa toka, na shafa manja, na canza sabulu, na canza katifa. Maganin da ake ba mu a asibiti yana kwantar da abin, sai dai yana sa ta barci, har malamar ajinsu ta aiko mini cewa yarinyar da ta fi kowa surutu ta koma kifa kai a kan tebur. Wannan saƙon ya fi ƙurajen ɗaga mini hankali.

Daga ƙarshe muka haɗu da wata likitar yara, babbar mace mai magana a hankali. Ta tambaye ni abin da muke ci tun daga karin kumallo har na dare, sannan ta ce tana zargin wani abu ne cikin kayan da ake ƙara wa abinci don ɗanɗano ko launi. Hanyar gane shi ɗaya ce, a janye su gaba ɗaya na mako shida, idan jiki ya lafa a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Ta lissafa mini dunƙulen miya, farin garin ɗanɗano, kori na leda, tumatirin gwangwani, lemon kwalba, biskit, alawa da taliyar leda. Ta ce in sami littafi in riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakin yarinyar, komai ƙanƙantarsa. Idan mako shida ya cika ba a ga sauyi ba, to sai dai a ci gaba da maganin barcin nan kullum, a kuma tura mu Sakkwato gwaje-gwaje.

Ni malamar sakandare ce, kuma Allah Ya yi ni da son a ce na iya. Ranar na sayi littafi mai bango mai kauri, na ja layi da rula, na raba shafi gida uku. Na kwashe duk wani abu mai leda ko gwangwani daga kicin na ba maƙwabta. Da yake ba zai yiwu a yi tukunya biyu yarinya tana kallo ba, sai na ce kowa a gidan zai ci abin da za ta ci. Muka koma daddawa da albasa da tafarnuwa, busasshen kifi, man gyaɗa na gida, da shinkafa 'yar Zauro. Maigidan ya ɗanɗana miyar farko, ya ɗaga kai ya tambaye ni ko shi ma an kwantar da shi asibiti ne ba a gaya masa ba. Daga ranar miyata ta sami suna, miyar asibiti, kuma bai fasa cinye kwanonsa ba.

Ita kuwa mai lalurar ƙin ci ta yi. Harshen da ya saba da dunƙule ba ya jin daɗin daddawa a kwana biyu. Sai ta tsakura ta ture kwano. Ana haka na gano dabara. Akwai yajin da Inna, mahaifiyata, take daka mini a Argungu tana aiko mini a kwalba, wanda tun ina budurwa ban san wani yaji ba sai shi. Na fara barbaɗa mata kaɗan a kan shinkafa da mai, ko dafaffen dankali, sai ga shi tana cinyewa har da suɗe hannu. Na ji daɗi ƙwarai. A littafi kuwa sai in rubuta shinkafa da mai, in rubuta dankali. Ban taɓa rubuta yaji ba, kuma ba ɓoyewa na yi ba. A wurinmu yaji ba ya cikin lissafin abinci, kamar yadda ba wanda zai ce ya ci gishiri da rana. Balle wanda uwata ta daka da hannunta.

Idan an tashe su daga makaranta, ni ina da sauran darasi har la'asar, don haka gidan Hajiya ake kai ta a Nasarawa da kular abincinta. Hajiya ita ce mahaifiyar maigidana, tana zaune tare da babban ɗanta da iyalinsa. Tsakaninta da jikar nan sai Allah. Ƙawata take ce mata, kwano ɗaya suke ci, kuma kowa ya san ba a rasa alawa a ƙarƙashin matashin Hajiya. Da za mu fara, na je na durƙusa na yi mata bayani dalla-dalla, har da karanto mata jerin da likita ta ba ni. Ta saurare ni tana jan carbi, da na gama ta ce, "To, Allah shi ba ta lahiya." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na fito ina ce wa raina tsohuwar nan ba ta ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Makon farko da na biyu abin ya ɗan yi sauƙi, har na fara yi wa malaman makarantarmu lacca a kan illar dunƙule. A mako na uku borin ya dawo. Na buɗe littafi na bi shi layi-layi, ban ga kuskure ko ɗaya ba. Abin da na lura da shi kawai, ƙurajen sun fi tashi da yamma, bayan an ɗauko ta daga Nasarawa. Ban tsaya na tuna cewa a can take cin abincin da ni na zuba mata a kula ba. Zuciyata ta riga ta sami wanda take nema.

Na tsare yarinyar da tambaya, ta ce Hajiya ba ta ba ta komai. Na ce an koya mata ne. Na gaya wa babanta, ya ce shi ba zai iya zuwa ya tuhumi mahaifiyarsa a kan alawa ba, kuma in bi a hankali. Ban bi ba. Na daina kai ta Nasarawa, na riƙa ɗauko ta ina zaunar da ita a ɗakin malamai, na aika cewa hanya ce ta yi mana nisa.

Ranar Juma'a da yamma sai ga Hajiya a keke napep, ita da ba ta cika fita ba. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa. Ta ɗora jikarta a cinya tana duba hannuwanta, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce hanya ta yi nisa. Nasarawa ta tashi daga inda take, ko Gwadangaji ta?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, likita ta ce ko ɗanɗane aka ba ta yana tayar mata."

"Na ji," in ji ta. "Allah shi ba ta lahiya."

Ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Na zubo abinci ta ce ta ƙoshi, ta yi sallama ta tafi. Na san na ɓata mata, amma a lokacin gani nake lafiyar 'yata na kare, har ina jin kaina jaruma.

Mako na huɗu ya wuce, na biyar ya shiga, ba ta taka Nasarawa ba, kuma borin bai fasa ba. Mai hankali a nan zai tsaya ya sake tunani. Ni sai na ce ai sauran abin da aka ba ta ne bai gama fita daga jikinta ba. A ƙasan raina kuwa tsoro ne fal, domin saura mako ɗaya mu koma wurin likita hannu wofi, yarinya ta koma barci a aji.

A ƙarshen makon yajina ya ƙare, na ɗauke ta muka tafi Argungu mu gaida Inna, in kuma taho da wani. Mun isa da hantsi. Gidanmu gidan masunta ne, taru a shanye a kan danga, hayaƙin bandar kifi yana tashi daga bayan ɗaki. Inna ta ce tun da na zo da kaina bari a daka a gabana in tafi da shi da zafinsa. Ta jawo turmi gindin bishiya, na zauna ina cire mata hancin barkono muna hira. Ta zuba barkono, citta, kanumfari, masoro, ƙuli-ƙuli da gishiri, ta yi ta daka har ya yi laushi. Sai ta ajiye taɓarya, ta kwance wata leda daga bakin zanenta. Ina kallo ta ɓare dunƙule ta jefa, ta ɓare wani, ta ɓare wani. Ta farke ledar farin garin nan ta juye. Sannan ta ɗebi wani jan gari da ɗan yatsa ta barbaɗa, wanda ke sa yajin ya yi ja mai kyau a ido.

Na ce, "Inna, mi na wanga kinka zuba?"

Ta dube ni da mamaki. "Mi kuwa? Abin da ka sa shi daɗi. Yajin da babu su ai garin barkono na."

Na ce ai na gaya mata a waya an hana yarinyar waɗannan abubuwan.

"Miya kinka ce," in ji Inna. "Ba ki ce yaji ba."

Gaskiyarta ne, miya na ce. Ni da ita duk ba wadda ta ɗauki yaji a bakin abinci. Na dubi 'yata tana wasa da 'yan'uwanta a bakin danga, duk ƙafafunta tabon susa, na tuna safiya nawa na tsaya a kicin ina barbaɗa mata abin nan da hannuna ina murna ta ci abinci.

Da Inna ta fahimci zancen ba ta tsaya dogon salati ba. Ta kwashe yajin ta raba wa maƙwabta, ta wanke turmin da ruwan zafi ta kife shi a rana, da ya bushe ta daka wani da daddawa da garin busasshen kifi. Tana cikin tankaɗe ta jefo mini tambaya, da yake ta san halin abin da ta haifa: "To, wa kinka ɗora ma laihi?" Da na gaya mata, ta ce kada in kuskura in kwana biyu ban je Nasarawa ba.

Washegari na je. Na fara shiga kicin wurin matar wan mijina don in sami ƙarfin gwiwa, sai na ga ƙaramar tukunya a gefe, ban da babbar ta gida. Na tambaya ko wani ne ba lafiya. Ta ce ta Hajiya ce. Tun ranar da na zo na karanta jerin nan, Hajiya ta sa aka ware mata tukunyarta ba dunƙule ba komai, saboda kwano ɗaya suke ci da yarinyar. Alawar ɗakinta kuwa a ranar ta rabar da ita. Ko da na daina kawo yarinyar ba ta yarda an koma zuba mata miyar gida ba, wai kada ranar da ƙawarta za ta zo ta tarar da abin da ba za ta ci ba.

Ban san yadda na isa ɗakin Hajiya ba. Na durƙusa na faɗi komai, yajin da zargin da ƙaryar nisan hanya, na roƙe ta gafara. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Tashi, ɗiyata. Ke uwa ta, hankalinki na tashe. Ni dai ki maido min ƙawata, miyag ga ba ta ciwuwa ga mutum guda."

Muka sake lissafin mako shida daga farko, wannan karon har ruwan da ta sha a gidan mutane ina rubutawa. Kafin mako biyu jikinta ya lafa, tabon ya fara bushewa, aka ajiye maganin barci, malamarsu ta koma ƙorafin surutu. Da muka fara dawo da abubuwa ɗaya-ɗaya, tumatirin gwangwani bai yi mata komai ba, biskit marar launi ma haka. Dunƙule da duk wani abu mai kala kuwa, ko awa uku ba a yi sai jiki ya tashi. Shi ma mai yi wa miyata suna ya lura ciwon kan da yake fama da shi bayan cin abinci ya yi sauƙi, ya koma shi ke tuna mini idan daddawa ta kusa ƙarewa.

Abin da na koya bai tsaya a kicin ba. Na bincike gidan kowa ban binciki abin da ke hannuna ba, don kawai daga gidanmu ya fito kuma na yarda da shi. Na kuma ɗauki ƙarancin maganar Hajiya a matsayin rashin kulawa, alhali ta fi ni kiyaye dokar da na je ina karanta mata. Tun daga lokacin, idan abu ya lalace a gidana ko a ajina, kafin in nemi mai laifi sai na fara tambayar kaina mene ne nake yi kullum wanda ban taɓa tsayawa na duba ba. Hajiya ta rasu shekaru kaɗan bayan haka, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa.