Ranar Da Inna Ta Ɗanɗana Mana Shayin Sitiroberi

A azumin da ya faɗo cikin bazara, shekarar da ƙanwata ta zo hutu wurina a Tudun Wada, na fara riƙe sitiroberi da hannuna. Kafin nan a jikin takardar biskit kawai nake ganin hotonsa. Maigidana direba ne, yana ɗauko kayan gwari daga Jos zuwa Kano, kuma da yake hanyar ta ƙofar gari ta bi, duk dawowa sai ya tsaya ya sauke mana wani abu, ko kabeji, ko karas, ko dankalin Turawa. Ran nan da hantsi sai ya shigo da wata 'yar roba mai murfi, ya ajiye a kan tabarma, ya ce abokin cinikinsa ne ya ba shi, wai a can ake nomansa saboda sanyin ƙasarsu.

Na buɗe. Jajaye ne, kowanne kamar kan babban yatsa, jikinsu duk ɗigo-ɗigon 'ya'ya, ga ɗan koren ganye a ka kamar hula. Ƙamshinsu ya cika tsakar gida.

"Ya ce kada a bari ya kwana, ba ya jure zafi," in ji maigidan. Daga nan ya shige ɗaki ya kwanta, don tun bayan sahur yake kan hanya.

Ƙanwata tana karatun aikin jinya a Kano, kuma ba ta rabuwa da waya. Ta tsuguna ta leƙa robar, ta ce, "Yaya, don Allah kada a ci shi haka gaya. Akwai abin da na daɗe ina so mu gwada."

Ta nuna mini wani bidiyo. Ba a ganin fuskar mai yin, sai hannuwanta da dogon kofin gilashi. Ta zuba jan abu a ƙasa, ta jera ƙanƙara, ta tsiyaya madara, sannan ta kawo wani ruwa mai launin ƙasa ta zuba a kai a hankali. Kowane launi ya tsaya a wurinsa. Ƙanwata ta ce jan sitiroberi ne da sukari, na saman kuma koren shayi ne da aka soya ganyensa kafin a dafa.

Koren shayi dai muna da shi, irin wanda makiyaya ke dafawa a 'yar buta su yi ta tsiyayowa daga sama har ya yi kumfa, don maigidan ba ya tafiya sai da shi. Madara ma akwai. Wata Bafulatana daga rugar da ke wajen Doguwa tana kawo mana sabuwar tatsa kowace safiya, kuma na riga na tafasa ta ranar na rufe. Ƙanƙara kuwa sai dai a shagon bakin titi, wurin mai firji na sola. Na ce to, mu gwada, in ya ɓaci ga kunun tsamiya nan.

Sai da muka ɗora kasko a kan gawayi bayan azahar sannan na tuna abin da ya kamata in fara tunawa. Dukanmu muna azumi. Ni ban taɓa sanin ɗanɗanon sitiroberi ba, ita ma ƙanwata sau ɗaya ta taɓa ci, a bikin wata ƙawarta. Irin wannan haɗin shayin kuwa babu wanda ya taɓa sha a cikinmu. Yaya za mu san ya yi ko bai yi ba?

Mutum ɗaya ce ba ta azumi a gidan: Inna, mahaifiyar maigidana, wadda take zaune tare da mu. A shekarar likita ya hana ta saboda magungunan da take sha da rana, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Tun tana budurwa ba ta taɓa shan azumi haka siddan ba. Idan na kai mata abincin rana sai ta ce in saka labule, kada yaran maƙwabta su gani. Sauran yinin tana ƙofar ɗakinta da carbi, ba ta cika magana ba, ita da a da ba a gama miya a gidan sai ta sa baki.

Na je na durƙusa na ce, "Inna, taimako muke nema. Wani abin sha za mu haɗa, ba mu da mai ɗanɗana mana."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Wane irin abin sha?"

"Shayi ne, amma da ƙanƙara."

"Shayi da ƙanƙara," ta maimaita. "To a dafa shi don me, in za a koma a sanyaya?"

Duk da haka ta ce a kawo mata kujerarta. Muka ajiye mata a inuwar darbejiya kusa da murhu, ta zauna ta gyara mayafi.

Ganyen farko ƙanwata ce ta soya, ido ɗaya a kasko ɗaya a waya. Kafin ta ankara ya yi baƙi, hayaƙi mai ɗaci ya tashi har maƙwabciyarmu ta tambaya ta kan katanga ko tuwo ne ya kama. Muka zubar. Na karɓa, na rage garwashin, na yi masa irin suyar riɗi, ina juyawa ba tsayawa. A hankali koren ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ɗanyen ganye ya tafi, wani ya zo a madadinsa, mai kama da na ƙanzon shinkafa. Na sauke, muka zuba masa ruwan zafi kaɗan don ya yi ƙarfi, muka tace.

Na miƙa wa Inna cokali guda. Ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Ɗacin ya tafi," ta ce. "Ƙara mini, ban ji sosai ba."

Na ƙara mata.

Saura sitiroberi. A bidiyon da na'ura aka niƙa, mu kuma rabonmu da wuta har mun daina lissafi. Ƙanwata ta ɗauko ƙaramin turmi, ta ɗauraye, ta cire ganyen kan wasu ta daka. Ta ɗebo a cokali ta kai wa Inna tana murmushi. Inna ta lasa, sai muka ga idonta ya kawo ruwa.

"Wannan ɗan itacen naku," ta ce, "a can Jos ɗin tare da attarugu ake shuka shi?"

Turmin jajjage ne. Ɗauraya ɗaya ba ta raba shi da yaji. Ƙanwata ta zauna a ƙasa tana dariya har da riƙe ciki, ni ina ba Inna haƙuri ina miƙa mata ruwa, ita kuma tana cewa a bar mata shi a gefe, kada a zubar, zai yi daɗi da ɗumamen tuwo. A ranar na fara jin dariyar Inna tun shigowar watan.

Abin da ya rage a robar bai fi rabi ba, don haka muka bi shi da lallami. Na yayyanka mafi yawansu a cikin kwanon silba, na barbaɗa sukari, na danne da bayan ludayi har ya saki ruwa. Inna ta ce tsami ya yi yawa. Muka ƙara sukari. Ta ce yanzu kuma zaƙi ya danne ƙamshin, a yanka wasu biyu a ciki. Muka yanka. Ta ce a ba ta guda ɗaya cikakke ta ci, don ta san asalin ɗanɗanonsa, in ba haka ba da me za ta gwada? Wannan ma gaskiya ce, muka ba ta. Ta ci a hankali, ta ce yana tuna mata da tsadar daji, amma wadda ta yi karatun boko.

Bayan la'asar ƙanwata ta sa hijabi ta je ta sayo ƙanƙara, muka naɗe a buhu muka fasa da taɓarya. Ni kuma na buɗe kabad na fito da kofunan gilashin da aka jera mini tun ina amarya, waɗanda ban taɓa bari kowa ya sha ko ruwa a ciki ba. Kofin gwaji na farko bai yi ba. Shayin da sauran ɗumi, muna zubawa ƙanƙarar ta narke, komai ya cakuɗe ya koma launin ruwan rafi bayan an yi sama. Madarar ma ta ɗan tsinke.

"Ba shi da kyan gani," in ji Inna, "amma kawo." Ta shanye.

Muka sa kwanon shayin a cikin ruwan randa ya huce sosai. A karo na biyu ƙanwata ta kifa cokali a bakin kofin, ta tsiyaya shayin ta bayansa a hankali, tana riƙe numfashi. Ya tsaya. Ja a ƙasa, fari a tsakiya, ruwan ƙasa a sama, gefen kofin yana zufa. Muka tsaya muna kallo, mu biyu masu azumi, maƙogwaro a bushe. Ƙanwata ta ɗauki hoto ta kowane gefe. Inna ta miƙo hannu.

"Inna, wannan ai kin riga kin san ɗanɗanonsa," na ce.

"Na san na cakuɗaɗɗe. Wannan jerarre ne."

Da aka kusa kiran sallah muka duba kwano, jan da ya rage bai wuce na kofi biyu ba. Muka raba shi uku, kowa ya sami ɗan shafi a gindin kofinsa. Maigidan ya fito ya zauna a tabarma, aka kira sallah, muka ci dabino muka sha ruwa. Sannan na tura masa kofinsa. Ya ɗaga shi sama yana dubawa, ya tambaya ko sha ake yi ko ajiyewa.

"Juyawa za ka yi da cokali tukuna," in ji Inna daga kujerarta. "Kuma kada ka hanzarta, daɗin yana ƙasa."

Na juya nawa na kurɓa. Sanyin ne ya fara isa, sai ƙamshin suyar nan, sai madara, can daga baya ɗan tsami da zaƙi suka biyo. Ban san ko don yinin da na yi ina kallonsa ba ne, amma har yau ban sha abin da ya shiga jikina kamar kofin nan ba. Ƙanwata ta rufe ido ta ce sukarin ya yi daidai. Inna ta ce ai dole.

Maigidan ya shanye nasa har yana tauna ƙanƙara, ya ce, "Ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Akwai kunu?"

Akwai, na zuba masa.

Daga ranar Inna ba ta koma ƙofar ɗakinta ba. Kullum bayan azahar sai ta sa a kawo kujera bakin murhu, ita ce mai ɗanɗana gishirin miya da tsamin kunu da yajin ƙosai har watan ya ƙare. Ta daina cewa a saka labule. Sitiroberi kuwa sau ɗaya maigidan ya ƙara samowa kafin lokacinsa ya wuce, daga nan muka koma yi da mangwaro, wanda shi ma ba laifi, sai dai ba ya ba da jan nan.

Ashe Inna ta kankare 'yan ƙwayoyin jikin wanda muka ba ta, ta shanya a kan murfin kwano. Da damina ta faɗi ta shuka su a wani tsohon bokiti, ta sa taki, ta kewaye da ƙaya saboda kaji. Ɗanta ya gaya mata ba ya yi a ƙasarmu, ta ce shi tuƙi ya sani. Bayan kwanaki wani ɗan tsiro ya fito, ta riƙa kiran duk wanda ya shigo gidan ya zo ya gani. Ya yi tsawo, ya yi rassa, ya yi fure rawaya. Tumatir ne, daga cikin takin ya fito. Ta ci gaba da ba shi ruwa, kuma ya yi 'ya'ya sosai, mun yi miya da su har kaka.