Mba Tahidu Mai Jin Kukan Fitila

Shekara da shekaru ina sayar da koko da ƙosai a gindin dalbejiyar nan ta bakin titin Kukuo, kuma tun zuwana na tarar da teburin Mba Tahidu a wurin, Mba ɗin nan kuwa baba ke nan a bakin Dagwamba. Da can rediyo yake gyarawa. Da wayar hannu ta kashe kasuwar rediyo, abokan sana'arsa suka watse, wasu suka koma gona, wasu suka kama tuƙin yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku da ya cika Tamale. Shi kuwa ya ce ba wayar da za ta tashe shi. Sai ya koma gyaran 'yan fitilun nan masu aiki da hasken rana, waɗanda masu gidajen baƙi suke sokawa a cikin furanni don ado.

Fitilun ba su da ƙarko. Damina ɗaya ta isa ruwa ya shige su, tsatsa ta ci mazaunin batir, tururuwa ta yi gida a ciki. Masu su sukan zubar ne su sayi sababbi, har sai da Mba Tahidu ya nuna musu cewa yawancinsu suma suka yi, ba mutuwa ba. Yakan kankare tsatsar, ya goge ɗan farantin da ke shan rana da man goge baki, ya sa batir. Matsalar ita ce fitilar ba ta kamawa sai ta ga duhu. To da rana tsaka sai ka ga dattijo ya cusa kansa cikin fugunsa, wato rigar saƙin nan mai kauri, shi da fitila, kamar kaza ta rufe 'ya'yanta. Mun sha dariya, bai taɓa kula mu ba.

Ni na fara lura ya soma daɗewa a cikin rigar. Daga baya ya ɓullo da wata dabara. Sai ya rufe farantin da tafin hannu ya miƙo mini.

“Husseina, duba mini, hasken wannan fari ne ko ja?”

Na san ba launi yake tambaya ba. In ta kama in ce fari ne, in ba ta kama ba in ce, “Mba, wannan kam ba ta da launi tukuna.” Haka muka yi ta yi, ban taɓa nuna masa na gane ba. A asibiti an ce masa hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya dawo ya ce mana likitan yaro ne.

Ƙanensa Fataw, direban yalo-yalo, shi ya fito da maganar fili. Ba zan zage shi ba, ko da yake a lokacin na so in watsa masa koko. Ya ga ƙunar da ƙarfen liƙi ya yi wa yayansa a yatsa. Ya kuma ji labarin ranar da wani mai wucewa ya ajiye sadaka a kan teburin, Mba Tahidu ya laluba ya wurga masa abinsa har cikin kwata. Fataw ya ce 'yan uwa sun yanke shawara: za a kai tebur gida Gbalahi, dattijo ya zauna a inuwa a riƙa kawo masa abinci. Mba Tahidu ya ce shi ba buhun masara ba ne da za a jingine a ɗaki.

Wata Asabar da hantsi sai ga Fataw da kekensa da igiya. Ya tarar da kwali cike da fitilun Hajiya Najat, mai gidan baƙi a hanyar Bolga, wasu an gyara, wasu ba a taɓa ba.

“Mbeli,” in ji Fataw, haka Dagwamba suke kiran yaya, “ka bar wahala hakanan. Ido ya tafi koraa, gaba ɗaya. Mutane suna zagin mu paa, ba kaɗan ba, wai mun bar ka a titi.”

“Wanda ya zage ka ya zo ya zage ni. Tebur na ba shi zuwa ko'ina.”

Fataw ya juye kwalin ya cakuɗa fitilun, ya ɗauki ɗaya, ya rufe farantin da hannu, ya kai ta daidai fuskar yayansa.

“To faɗa mini, ya kama ko bai kama ba? Sista Husseina, don Allah kar ki sa baki. Na san aikin da kike yi.”

Fitilar tana ci, ƙiri-ƙiri, tazarar yatsa uku da idonsa. Idon bai ko motsa ba. Wallahi zuciyata ta karye, na juya ina motsa ƙosan da ba ya bukatar motsi.

“Ba na gani,” in ji Mba Tahidu, da ƙarfi, yadda har mai faci na tsallaken titi ya ɗago kai. “Kun ji? Ba na gani. To sai me? Ba ni rediyo na.”

Tsohuwar rediyo ce da aka ɗaure bayanta da roba. Ya kunna, ya murɗa ta zuwa inda babu tasha, sai shuuu. Ya karɓi fitilar, ya manna ta a jikin rediyon, ya rufe farantin da tafinsa. Sai ga wani siririn kuka ya fito, kamar na sauro a kunne. Ya ɗaga hannu, kukan ya ɗauke.

“Wannan yana da rai.”

Ya ajiye ta a dama. Ta biyu shiru, ya ajiye a hagu. Ta uku ta yi kuka a shaƙe, ya ce batirinta ya gaji. Ashe duk watannin nan da yake tambayata launi, a gida yana nan yana koya wa kunnensa, don ya san ba kullum zan kasance a wurin ba. Fataw yana bin kowace fitila yana leƙawa cikin tafin hannunsa, har fitilun suka ƙare. Ya tsaya da igiya a hannu, hawaye na zubo masa, ƙato da shi.

“Mbeli, ƙarfen liƙi fa?”

“Ɗauki shi ka tafi da shi. Zan murɗa waya da hannu. Amma tebur, in ka taɓa, sai dai ka ɗaure ni a kai.”

Fataw ya ɗauki ƙarfen liƙin, ya naɗe igiyarsa, ya tayar da keke.

Yanzu kullum gab da magariba yana zuwa ya kai yayansa gida, da safe ya dawo da shi. Teburin kuwa Mba Tahidu ya sa an ɗaure shi da sarƙa a jikin dalbejiya, wai ko da zuciyar wani za ta sake raya masa wani abu. Kafin su tafi yakan jera aikin ranar kewaye da rediyo, su jira duhu ya fara sauka. Jiya ina kwashe kayana na ga sun kama ɗaya bayan ɗaya, masu babura suna rage gudu suna kallo, shi kaɗai ne a titin ba ya ganinsu. Na kasa yin shiru.

“Mba, duk sun kama.”

Ya kashe rediyon, ya laluba sandarsa.

“Na riga ki ji,” ya ce.