Mai Kifin da Ke Sakin Tarwaɗa

Shekarar Nafi'u uku a Bangkok, amma wata mai sayar da kifi a kasuwa ta ɗaure masa kai. Gajeriya ce, fuska duk farar hoda, hannuwa sun yi kanta. Tun safe take fasa wa tarwaɗa kai tana raha da masu saye. Yanzu kuma ga ta durƙushe a bakin kogi, riƙe da guda mai rai. Ta haɗa tafuka a goshi bayan ta sake ta cikin ruwa.

Nafi'u ya ce, "Goggo, kin kashe ɗari, kin saki ɗaya?"

Ta tuntsire da dariya, ido cike da ƙwalla. "Waɗancan na abinci ne, ɗana. Wannan sadaka ce don mijina, gobe za a yi masa tiyata."

Nafi'u ya rasa wanne zai taya ta, dariyar ko kukan.